Maɗori a Shekarar Ambaliya

Kwana uku ke nan ruwa bai ɗauke sosai ba a Haɗejiya. Na zo hutu daga Dutse, inda nake koyarwa, da niyyar in yi mako guda in koma, sai ga ni a zauren gidanmu ina kallon indararo yana zuba. Da safiyar yau da aka ɗan samu sarari na taka zuwa bakin kogi. Matasan unguwa suna can suna ɗura yashi a buhuna, ɗayansu ya kunna waƙa a waya ya rataye ta a reshen giyayya. Warin jiƙaƙƙen buhu da na taɓo ya bugi hancina, sai na ji maƙogwarona ya bushe kamar mai azumi, alhali kuwa na karya da koko da ƙosai.

Shekara goma sha wani abu ke nan. A lokacin azumi yana faɗowa a tsakiyar damina, ba kamar yanzu da ya zagayo ya bar ta ba. Ina ɗalibi a lokacin, malaman jami'a suka tafi yajin aiki, aka sallame mu ba ranar komawa. Na iso gida ana saura kwana biyu a ga wata, na tarar da Baba a kan tabarma, ƙafarsa ta dama ɗaure da tsumma. Ƙayar kifin kurungu ce ta soke shi a tafin ƙafa yana cirar ciyawa cikin ruwa. Ya ce ba wani abu ba ne, kwana biyu zai taka. Inna tana bayansa tana tankaɗe, ta dube ni ta girgiza kai. Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidan, ƙannena duk mata ne, don haka gonar shinkafarmu ta fadama ta dawo hannuna.

Kullum Inna za ta tashe mu sahur da ɗumamen tuwo da miyar kuka, wani lokaci da 'yar fura idan an samu nono. Da an idar da asuba sai in saɓa fartanya in kama hanya. Hazon ruwa yana kwance a kan fadama, kwaɗi ba su gama kukansu ba, ƙafa tana nutsewa cikin taɓo har idon sawu. Aikin ba shi da wani sirri: ka sunkuya ka ciri ciyawa, ka sare kacala, doguwar ciyawar ruwan nan da take son cinye bakin gona, ka ɓamɓare matsattsaku daga ƙwaurinka ka jefar. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙishi. Kana tsaye cikin ruwa har gwiwa, rana ta fito bayan ruwan dare, gumi yana bin bayanka, ruwa ta gabas ruwa ta yamma, amma ba halin ka kai ko tafi ɗaya baki. Kafin azahar nake dawowa. Baba ba ya tambayar ko na gaji. Akwai wani turke da ya kafa a bakin gona ya yi masa tsaga biyar da wuƙa, tambayarsa kullum ita ce ruwa ya kai tsaga ta nawa. A makon farko amsar ita ce ta ɗaya.

Tsakanin azahar da magariba ne lokaci yake tsayawa cak ga mai azumi. Wannan lokacin nake yi a shagon Modu.

Modu abokina ne tun firamare, Babarbare, kakanninsa daga bakin tafkin Cadi suka zo, mahaifinsa dillalin bandar kifi ne. Ya buɗe shago kusa da kasuwa, yana fotokwafi da buga takardu, da tsofaffin kwamfutoci huɗu da wani ɗan janareta mai tari. Ina taya shi buga wasiƙun neman aiki da takardun ɗalibai, shi kuma ya bar mini kwamfutar da ke lungu. Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake rabon gidanmu da bin shanu tun zamanin kakana, saboda haka tsakanina da Modu ba a rabuwa da tsiya. Ban taɓa shiga shagon bai ce ga bawansa ya iso ba.

Shi ya koya mini wasan. Wasa ne na intanet, mutane daga ƙasashe daban-daban suke shiga, kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya riƙa tafiyar da shi cikin dazuzzuka da koguna. Biyar-biyar ake haɗuwa a shiga kogo a yaƙi dodanni. Modu mai garkuwa ne, aikinsa ya tsaya gaba ya sha duka don kada a taɓa sauran. Ya ce mai magani suke nema, wanda zai riƙa mayar wa mutane jininsu idan ya ragu. Masu magani iri biyu ne. Akwai mai farar riga da ke tsayawa can baya yana jefo magani daga nesa, shi kowa yake so. Akwai kuma wani mai sanda, ba sulke ba garkuwa, wanda sai ya kutsa tsakiyar faɗa. A ƙasan allo akwai hoton gora. Duk dukan da ya kai wa dodo, gorar tana ɗan cika, idan ta cika ya fasa ta, duk wanda ke kusa da shi taku uku ko huɗu ya warke. In bai kai duka ba, ba magani. In ya yi nisa da mutanensa, maganin ya zube a banza.

Ina ganin sandar na ce shi nake so. Modu ya kama kai, ya ce Bafillace ko cikin kwamfuta ba zai rabu da sanda ba, ya yi ta lallashina in ɗauki mai farar riga. Na ƙi. Na raɗa masa suna Maɗori.

Makon farko na sha kunya. Sabis ɗinmu na modem ne, kuma da hadari ya haɗu sai ya koma tafiyar hawainiya. Ka danna madanni, sai ka yi numfashi ɗaya kafin mutuminka ya motsa. Mai tsayawa baya zai iya jure wannan, amma wanda ke gaban dodo kafin ya ga an ɗaga gatari an riga an sauke masa. Na mutu ya fi a ƙirga, kuma da mai magani ya faɗi, sauran ma sun faɗi. Sau biyu ana korata daga tawaga. Wani ya rubuto mini da Turanci cewa in je in nemi wata sana'a. Daga baya na gane cewa ba da ido zan yi wasan ba. Na haddace motsin kowane dodo, na riƙa ƙirgawa a zuci kamar yadda mata suke kama lugude: duka, duka, duka, kauce hagu, fasa gora. Ina dannawa tun kafin in ga abin da nake kauce wa. Ranar da na fara fitowa daga kogo ba wanda ya mutu, Modu ya tashi daga kujerarsa ya zo ya dafa kaina, ya ce ashe bawan nasa yana da amfani.

A hankali muka samu tawaga tsayayya. Akwai wasu 'yan uwa biyu daga Turkiyya da ba su cika magana ba, da wani maharbi ɗan Indunisiya mai suna Agus. Shi ma yana azumi, amma lokacin da muke shiga su sun riga sun sha ruwa. Sai ya riƙa rubuto mana abin da ya ci ɗaya bayan ɗaya, da gangan, mu kuma leɓunanmu sun tsattsage. Modu ya koya masa kalmar ƙosai, ya ce masa ma'anarta gaisuwar girmamawa ce. Har muka rabu, Agus da ƙosai yake mana sallama.

Akwai wani babban dodo a ƙarshen wani kogon ruwa da muka yi ta kai wa hari muna faɗuwa. Ƙofarsa sau ɗaya take buɗewa a mako. Muka sa ranar Juma'a ta uku cikin azumi, bayan an sauko daga masallaci, muka yi kwanaki muna shiri.

A wannan tsakanin ruwa ya kai tsaga ta uku. Sai ta huɗu. Kogi ya sauya launi ya koma ja, yana tafe da rassan itace da bunun rufin ɗakuna, wata rana har da mushen akuya. Aka ce za a ƙara sako ruwa daga madatsar ruwa ta can sama. Mutanen ƙauyukan da ke hanyar Kafin Hausa suka fara shigowa a kwalekwale da tabarmi da kaji ɗaure, aka sauke su a makarantar firamare. Gero ya yi wuya a kasuwa. Kunun buɗa-bakinmu ya tsinke har kana ganin gindin kofi, ƙosai ya koma ranar Juma'a kaɗai, Inna ta koma kwaɗon tafasa da rama. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa kowane gida ya ba da mutum ɗaya a jinga, wato tudun ƙasar da ya raba kogi da gonakinmu, wanda in ya ɓalle ruwa ba zai tsaya ba sai a gidaje.

Na yi kwana huɗu a jinga. Ban taɓa ganin mutanen unguwarmu haka ba. Liman da mai gyaran babur da malamin makaranta duk a layi ɗaya, ana miƙa buhu hannu zuwa hannu. Tsofaffi suna zaune suna ɗaure bakin buhuna. Ba mai hira sosai saboda azumi, sai dai wani ya yi salati a amsa masa. Da yamma mata suke kawo kunu a bokiti, a zauna a kan buhunan a jira kiran salla, kafaɗu sun saluɓe, hannuwa sun yi fari sun yamutse.

Ranar Juma'ar, da aka sauko daga masallaci, aka ce kowa ya koma jinga, akwai wurin da ya fara tsatsa. Na zo mararraba na tsaya. Hagu jinga, dama kasuwa. Na ce wa kaina awa ɗaya ce kawai, mutum ɗaya cikin ɗari ba za a ji rashinsa ba, amma a can mutum huɗu ba za su iya shiga ba sai da ni. Na bi dama. Modu ya riga ya tayar da janareta da ɗan man da ya rage. Gidansu yana tudu, kuma yayyensa biyu suna jinga. Ya dube ni, ya kunna mini kwamfutar lungu.

Ban taɓa yin wasa kamar na ranar ba. Gari duk ya tafi bakin kogi, ba mai amfani da sabis, sai ga shi ina dannawa mutumina yana motsawa nan take. Na tsaya kafaɗa da kafaɗa da Modu a ƙarƙashin dodon, ina duka ina kaucewa. Sau uku jinin Modu yana komawa kamar zare, sau uku ina fasa gora a daidai. Da Agus ya matso kusa bisa kuskure aka kusa kashe shi, na bar wurina na kai masa na dawo kafin gatari ya sauka. Da dodon ya durƙusa ya kife, allo ya cika da rubutu, Turkawan nan da ba sa magana suna ta rubuta sunan Maɗori. Na manta da yunwa, na manta da ƙishi. Na duba agogon bango, awa biyu da rabi ta wuce.

Na fito titi ba kowa. Na biya gida da gudu in ɗauki shebur, na ga tabarmar Baba ba kowa a kai. Inna tana tsaye a bakin madafi. Ta ce ɗan aiken mai unguwa ya zo ya ce ba a ga mutumin gidanmu ba, Baba ya ce a ce yana zuwa, ya ɗauki sandarsa. Ba ta tambaye ni inda na je ba.

Na same shi a wurin da jingar take tsatsa, cikin ruwa har cinya, tsumman ƙafarsa ya kwance ya tafi. Yana riƙe da kunnen buhu ɗaya yana jiran wanda zai kama ɗayan. Ya ɗago ya gan ni.

"Ka zo? Kama nan."

Na kama. Na roƙe shi ya fita, ya ce sai an toshe. Muka yi aiki har aka kira magariba, muka sha kunu kofi ɗaya, sannan na goya shi a baya zuwa gida. Ban san ya rame haka ba sai ranar.

Jingar ta tsaya ta wajen gidaje, amma kwana biyu bayan nan ruwa ya zagayo ta ƙasa ya shafe gonakin. Na je a kwalekwalen maƙwabcinmu na duba. Ba turke, ba bakin gona, sai kan kacala nan da can da ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Ga shi kuwa shinkafar ta riga ta fara ɗaukar ciki. Da na gaya wa Baba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya juya fuskarsa bango.

Ƙafar kuwa ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi. Muka kai shi asibiti aka tsaga aka matse, aka cire masa ɗan yatsa ɗaya. Goman ƙarshe na azumi a nan na yi su. Da aka sallame mu, ni nake wanke ciwon safe da yamma da ruwan ɗumi da gishiri, in naɗe da bandeji, duk bayan kwana uku in ɗauke shi a babur ɗin aro mu koma a duba. Har ya bar duniya yana ɗan ɗingishi da wannan ƙafar.

Na daina taka shagon Modu. Ya zo gaida Baba sau biyu da ƙunshin bandar tarwaɗa, ya ce Agus yana ta tambaya ko ruwa ya cinye mu, don su ma sun san ambaliya. Na ce ya gaishe shi.

Sallar shekarar ba ɗinki. Amma ruwan da ya ci shinkafa ya kawo kifi har bakin ƙofa. Ƙannena suna kama karfasa da kwando a bayan gida, ko'ina ka bi unguwa hayaƙin banda ne. Inna ta koma tuwon bado, abin da ta ce rabonta da shi tun tana yarinya, muka ci da miyar kifi muna ta santi. Maƙwabta suna aiko da kwano, mu ma mu aika, sau da yawa abinci iri ɗaya ne yake zagayawa. Yanzu akwai sola a kan rufinmu, sabis ya wadata, 'ya'yan ƙannena kowa da wayarsa yana wasansa shi kaɗai a kan gado. Modu ya koma sayar da wayoyi, ya yi tumbi. Wasan namu an rufe shi tuntuni, Maɗori da sandarsa sun tafi tare da shi, kuma ban san inda Agus yake ba.

Sau ɗaya na ƙara buga wasan bayan ambaliyar. Bayan salla da kamar mako uku, muna dawowa daga wankin ciwo, hadari ya taso daga gabas ya tare mu daidai kasuwa. Ba inda za mu fake sai shagon Modu. Na shigar da Baba, Modu ya yi saurin ba shi kujera yana ta lale. Baba ya zauna ya miƙe ƙafar, ya bi kwamfutocin da kallo, ya tambayi Modu ko nan ne ramin da Barebari suke ɓoye 'ya'yan mutane. Modu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sai Baba ya ce a nuna masa abin.

Na zauna. Muka shiga wani ƙaramin kogo da mutum biyu ke iya shiga, ni da Modu. Baba ya jawo kujerarsa har ina jin numfashinsa a kafaɗata. Ya tambayi wanne ne ni, na nuna masa. Ya ce sandar ba ta da laifi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi me ya sa nake cusa kaina ƙarƙashin wannan ƙaton, ga fili can baya. Na yi masa bayanin gora, na ce idan na yi nisa maganin ba ya isa ga kowa. Ya gyaɗa kai kawai.

Ruwa yana dukan kwanon rufi har ba a jin janareta. Ban juyo ba, idona yana kan allo, na ce, "Baba, ranar Juma'ar nan, nan nake."

"Na sani," in ji shi.

Na jira sauran maganar. Na yi makonni ina jiran ta, na ma shirya yadda zan sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Kun ci wasan kuwa?"

"Mun ci."

"To madalla. Da an yi asara biyu."

Allon ya dushe mini, na kasa ganin komai, na saki maus ɗin. Baba ya zungure ni da gwiwar hannu, ya nuna da sandarsa, ya ce in duba Babarbarena, jininsa ya kusa ƙarewa. Na share ido da hannun riga na koma na fasa gora.

Ruwan ya ɗauke kafin mu kai rabin kogon. Na ce mu tafi kada Inna ta damu. Ya gyara zama, ya ce in ƙarasa tukuna.